Bangon da Ke Karantarwa: Zane-zanen Hale Woodruff a Talladega da Atlanta

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau za mu ƙetare teku zuwa jihohin kudu na ƙasar Amurka, mu leƙa makarantu biyu na baƙar fata, ɗaya a jihar Alabama, ɗaya a jihar Jojiya. Abin da zai kai mu can shi ne aikin wani malamin zane mai suna Hale Woodruff: manyan zane-zanen da ya yi wa bangon ɗakunan karatunsu, da kuma baje kolin shekara-shekara da ya ƙirƙiro wa masu zane baƙar fata a lokacin da ba mai buɗe musu ƙofa. Rediyo ba ya nuna hoto, saboda haka ku ara mini kunnuwanku, ni kuma zan yi ƙoƙarin faɗa muku abin da ke jikin bangon dalla-dalla.

Mu fara da ƙaramar makarantar, wato Kwalejin Talladega.

Da aka gama yaƙin basasar Amurka a 1865 aka soke bauta, wasu 'yantattun bayi biyu a garin Talladega, William Savery da Thomas Tarrant, suka ƙudiri aniyar sai 'ya'yansu sun yi karatu. Suka fara da ɗaki guda na katako. Ana nan sai bashi ya ci wata makarantar 'ya'yan fararen fata da ke garin, aka sa gininta a kasuwa. Ginin bulo ne mai hawa, kuma bayi ne suka gina shi kafin yaƙin. Shi kansa Savery, wanda kafinta ne, yana cikin waɗanda aka sa aikin ba tare da an biya su ko sisi ba. Da taimakon wani janar mai suna Wager Swayne da wata ƙungiyar 'yan mishan ta Amurka aka sayi ginin, aka buɗe makaranta a 1867 da ɗalibai 140. Mutumin da ya fafe katakon ginin yana bawa, shi ne ya ga 'ya'yan bayi sun shiga cikinsa riƙe da littafi.

Ita wannan ƙungiya ta 'yan mishan, da aka kafa a 1846, tana da nata asalin. Ta tsiro ne daga wani kwamiti da ya tsaya wa wasu 'yan Afirka ta Yamma a gaban shari'a, mutanen jirgin ruwan nan da ake kira Amistad. Shi ya sa a 1938, lokacin da kwalejin ke gina sabon ɗakin karatu da za a sa wa sunan Savery, shugabanta Buell Gallagher ya ga cewa shekara mai zuwa labarin Amistad zai cika shekara 100, ya dace a sa shi a bango. Sai ya aika wa Hale Woodruff a Atlanta.

Wane ne Woodruff? An haife shi a 1900 a jihar Illinois, ya tashi a birnin Nashville a hannun mahaifiyarsa, don mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Ya koyi zane a Indianapolis, ya ci wata kyauta a 1926, ya haɗa kuɗin da gudummawar jama'a ya tafi Paris a 1927, inda ya yi shekara huɗu yana koyo cikin ƙuncin aljihu. A 1931 shugaban Jami'ar Atlanta, John Hope, ya gayyato shi ya zo ya kafa sashen koyar da zane. Ya tarar da kudu a yadda take a wancan zamani: makarantar baƙi daban, ta farare daban, kujerar mota daban, har famfon shan ruwa daban, ga kuma gungun mutane da kan kama baƙar fata su rataye shi ba shari'a. Woodruff bai kau da kai ba. A 1935 ya yi hotunan ɗab'i a kan irin wannan kisa. Ɗalibansa kuma ya hana su kwaikwayon tsaunukan Turai da ba su taɓa gani ba, ya ce su fita su zana jar ƙasar Jojiya da unguwannin talakawa da suke ratsawa kullum.

A 1936 ya tafi Meziko wurin Diego Rivera, gwanin zanen bango na wancan lokaci, ya yi masa yaron aiki, yana niƙa masa launi yana kallon hannunsa. Su masu zanen Meziko a kan ɗanyar filastar farar ƙasa suke shafa launi, kafin ta sha iska, kamar yadda maginin Zariya ke fitar da zayyana da yatsunsa tun yaɓen bai bushe ba. In ta bushe, launi da bango sun zama abu guda. Woodruff ya ɗauko darasin tsara mutane da yawa a fili guda da ba da labari ga wanda bai iya karatu ba, amma nasa aikin da fentin mai ya yi shi a kan ƙyalle mai kauri, sannan aka kafa a bango. Ku riƙe wannan bambanci, zai yi mana amfani a gaba.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne, lokacin da aka ba shi aikin Talladega, Woodruff bai san tarihin Amistad ba. Mutum mai ilimi, malamin jami'a, baƙar fata, ya kusa shekara 40, amma littattafan makaranta ba su taɓa gaya masa ba. Sai da ya tashi takanas ya tafi New Haven, garin da aka tsare mutanen, ya shiga ɗakunan ajiyar takardu, ya samo hotunan fuskokinsu da wani matashi ya zana da fensir suna kurkuku, da hoton jagoransu da wani mai zane Nathaniel Jocelyn ya yi. Da waɗannan ya dawo ya fara aiki.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Zane na farko, tawaye a cikin jirgi.

A 1839 aka kwashi mutane daga yankin da yau ake kira Saliyo, akasarinsu 'yan ƙabilar Mende, aka kai su Havana ta ƙasar Kyuba. A lokacin, Sifen ta riga ta sa hannu a yarjejeniya da Ingila ta haramta safarar bayi daga Afirka, saboda haka aka yi musu takardun bogi cewa haifaffun Kyuba ne. Wasu 'yan Sifen biyu, Ruiz da Montes, suka sayi 53 daga cikinsu, maza 49 da yara huɗu, suka zuba su a Amistad za su kai su gonakin rake. A hanya kukun jirgin ya yi musu nuni da hannu cewa yanka su za a yi a cinye. Wani manomin shinkafa a cikinsu, Sengbe Pieh, wanda Turawa suka riƙa kira Cinque, ya sami ƙusa ya kwance mari, ya kwance 'yan uwansa. Suka tarar da addunan saran rake a cikin kaya. Suka kashe kyaftin da kukun, suka bar Ruiz da Montes da rai don su tuƙa su zuwa gabas, inda rana ke fitowa, inda gida yake.

Woodruff ya kama daidai lokacin da faɗan ya kaure. Jirgi ya karkata, igiyoyi da filafilai sun cika sama, jikkuna sun sarƙe, adduna a ɗage. Launukan masu haske ne ƙwarai, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa. 'Yan Afirkan ƙarfafa ne, tsayayyu, ba wanda ya durƙusa yana roƙo. Ku tuna inda aka kafa wannan zane da kuma yaushe: jihar Alabama, 1939, jihar da 'yan shekaru kaɗan kafin nan aka yanke wa wasu samari baƙar fata hukuncin kisa a garin Scottsboro bisa ƙazafi. A irin wannan wuri, a zana baƙar fata ya rinjayi farar fata da makami a hannu, a kafa a ƙofar ɗakin karatu, wannan ba ƙaramin ƙarfin zuciya ba ne, daga mai zanen har shugaban da ya yarda.

Zane na biyu shi ne mafi girma, tsayinsa kimanin ƙafa 6, faɗinsa kimanin ƙafa 20. Shi ne na kotu.

Yadda aka kai ga kotun kuwa, Montes ya ci amanarsu. Da rana ya nufi gabas, da dare ya juya akala arewa. Suka yi kusan wata biyu suna gararamba a teku, ƙishirwa da ciwo suka kashe wasu, har jirgin sojan Amurka ya kama su kusa da New York a ƙarshen watan Agusta. Aka tsare su a New Haven. Sifen ta ce a miƙo mata su, dukiyar 'yan ƙasarta ce. Gwamnatin Shugaba Martin Van Buren ta so ta miƙa. Su kuma ba mai jin harshensu balle su kare kansu. Sai wani malamin harsuna na Jami'ar Yale, Josiah Gibbs, ya je kurkukun da 'yan tsabar kuɗi a hannu, ya koyi ƙirga ɗaya zuwa goma da harshen Mende, ya tafi tashar jiragen ruwa ta New York yana yawo yana ƙirgawa da ƙarfi. Wani matashin ma'aikacin jirgin Ingila, James Covey, ya ji harshen gidansu ya waiwayo. Shi ya zama tafinta. Daga ranar aka fara jin labarin daga bakin masu shi.

A cikin zanen, ɗakin shari'a ya cika maƙil. A gefe guda ga mai ƙara ya miƙa yatsa yana nuna Sengbe. Shi kuwa Sengbe yana tsaye, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ko gezau. Woodruff ya bi tsofaffin hotunan da ya samo ya ba kowane mutum fuskarsa, lauyoyi da masu taimako da waɗanda ake tuhuma, kowa da kamanninsa. Har kansa ya saka a cikin taron, ya yi tagumi yana kallo. Wannan zane ne na fi so a cikin ukun, kuma dalilina shi ne fuskokin. Takardun cinikin bayi da lamba suke ƙirga mutane. Shi kuwa ya zauna ya yi wa kowane ɗaya idonsa da hancinsa da irin zamansa.

Alƙali ya ba 'yan Afirkan gaskiya a farkon 1840, gwamnati ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. A can tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams, yana da shekara 73, ya tsaya musu tare da lauya Roger Baldwin. Ranar 9 ga Maris 1841 kotu ta ce mutanen nan 'yantattu ne da aka sato, a sake su.

Zane na uku, komawa gida. Mutum 35 ne suka rage da rai. Aka tara kuɗi aka ɗauki jirgi, suka isa Freetown a watan Janairun 1842 tare da 'yan mishan. Woodruff ya zana su a bakin gaɓa, ana sauke akwatuna da littattafai, fuskoki cike da fata. A nan kam zan ce zanen ya fi abin da ya faru daɗi. Yaƙe-yaƙe da farautar bayi ba su tsaya ba a ƙasar Mende, kuma Sengbe bai tarar da iyalinsa yadda ya bar su ba. Makarantar da ta ba da aikin 'yar gidan mishan ce, ba mamaki da aka ba 'yan mishan wuri mai kyau a hoton. Malamin kirki zai tsaya da ɗalibansa a gaban wannan zane ya tambaye su me aka nuna, me kuma aka bari. Zanen bango ma ana yi masa tambaya kamar yadda ake yi wa littafi.

A daɓen zauren shiga ɗakin karatun an zana hoton jirgin Amistad, kuma al'adar ɗaliban Talladega ce ba a taka shi, sai dai a kewaye. A 1942 Woodruff ya ƙara zane uku a ɗaya ɓangaren: bayi masu gudu ana ƙetarar da su zuwa jihohin da babu bauta, ranar buɗe kwalejin, da ginin ɗakin karatun kansa, inda baƙi da farare ke aiki kafaɗa da kafaɗa. A na ranar buɗewa za ka ga iyaye sun yi layi a gaban teburin rajista, ba kuɗi a hannunsu, sun zo da kaji da dabbobi da amfanin gona a matsayin kuɗin makaranta.

A wancan zamani, ɗalibin Talladega ba sai ya sayi tikiti ba, ba sai an shirya masa ziyara ba. Duk ranar da zai ari littafi sai ya bi ta ƙarƙashin waɗannan mutane. Shekara huɗu yana ganinsu safe da yamma, ran da ya ci jarrabawa da ran da ya faɗi. Abin da aka ɓoye wa Woodruff har ya girma, yaron da ya shigo aji ɗaya ya san shi a makonsa na farko.

(Kiɗa)

Masu saurare, in yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan Hale Woodruff da zane-zanensa a makarantun baƙar fata na Amurka. Yanzu sai mu koma Atlanta, ga aikinsa na biyu, wanda ba shi da ƙyalli kamar na farko amma a ganina bai gaza shi nauyi ba.

Mai zane yana bukatar abu uku bayan gwaninta: inda zai rataye aikinsa, wanda zai duba ya ce wannan ya fi wannan, da wanda zai saya. A farkon shekarun 1940 mai zane baƙar fata a Amurka, musamman a kudu, kusan ba shi da ko ɗaya. Manyan gidajen baje koli ba sa karɓar aikinsa, wasu ma ba sa barinsa ya shiga kallo. Sai Woodruff ya shawo kan shugaban jami'ar na lokacin, Rufus Clement, aka buɗe baje kolin shekara-shekara a 1942, a ɗakin karatun jami'ar, aka ce duk mai zane ko sassaƙa baƙar fata a faɗin ƙasar ya aiko da aikinsa. Masanin falsafa Alain Locke ne ya yi jawabin buɗe na farko.

Ga dabarar da ke ciki. Alƙalai za su tace ayyukan da aka aiko, su zaɓi waɗanda za a rataye, sannan su fitar da gwanaye. Kyautar gwani kuwa ciniki ce: a ba shi kuɗi, aikin ya zama na jami'a. Mai zane ya sami na sayen fenti da biyan haya, ya sami suna, ita kuma makaranta ta sami abin ajiyewa. Aka yi ta yi duk shekara har 1970. Masu zane kimanin 900 suka shiga, jami'ar ta tara ayyuka kusan 300 ta wannan hanya. Da yayyafi kogi kan cika. A cikinsu akwai ayyukan Charles White, da Elizabeth Catlett, da Jacob Lawrence, da Lois Mailou Jones, da John Wilson, sunayen da yau manyan gidajen tarihi ke rububin mallaka. Jami'ar ta same su tun masu su na samari, lokacin da ba mai tayawa.

Ba kowa ne ya yi na'am ba. Akwai masu ganin cewa baje koli na baƙar fata zalla tamkar amincewa ne da wariyar da ake yaƙi da ita, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma wanda aka rufe wa ƙofa ba zai zauna a waje yana jira har tsufa ba. Da ƙofofin suka fara buɗewa bayan gwagwarmayar neman 'yanci ta shekarun 1960, baje kolin ya tsaya. Abin da aka tara yana nan a gidan adana zane-zane na Jami'ar Clark Atlanta, sunan da makarantar ta koma bayan haɗewarta da Kwalejin Clark a 1988.

A nan zan ɗan ratse zuwa gida, don maganar ta shafe mu. A Zariya, a 1958, wasu ɗaliban zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya a kan irin abin da Woodruff ya gaya wa ɗalibansa: a koyi dabarun Turai, amma a zana da idon gida. Dukkansu sun zama manya. Yau jami'o'inmu da kwalejojin ilimi da na fasaha suna yaye ɗaliban zane duk shekara, kuma 'yan ajin ƙarshe kan baje ayyukansu kafin su tafi. Tambayar da nake so shugabannin makarantu su yi wa kansu ita ce, bayan an watse, ina ayyukan ke zuwa? Da kowace makaranta za ta ware ɗan abin da bai kai kuɗin walimar yaye ɗalibai ba, ta sayi aiki uku ko huɗu mafi kyau, ta rubuta sunan mai shi da shekara a rajista, ta ajiye a ɗakin da ba ya yoyo kuma gara ba ta shiga, da a cikin shekara 30 ta mallaki abin da kuɗi ba zai saya mata ba daga baya.

Na san a cikin masu saurarenmu akwai waɗanda ba sa sakin jiki da zana surar mai rai, kuma wannan fage ne na malamai, shirinmu ba zai yi fatawa ba. Sai dai bango mai magana ba baƙonmu ba ne. Wanda ya zaga tsohon birnin Zariya ko Kano ko Damagaram ya ga dagi da takobi a fuskar gidaje, ya ga inda magina suka ƙara keke da agogo da jirgin sama da zamani ya kawo su. Ga kuma zayyanar allo da ƙawata rubutu. Makarantar da ke son bangonta ya karantar tana da hanyoyi da yawa da ba za su sa kowa ya ɗaure fuska ba.

Mu koma ga Woodruff. Ya bar Atlanta a 1946 ya koma koyarwa a Jami'ar New York, amma bai yanke zumunci ba. A farkon shekarun 1950 ya kammala wasu zane shida don zauren ɗakin karatu na Trevor Arnett a Atlanta, a kan tarihin fasahar baƙar fata, aka ƙaddamar da su a 1952. Salonsa ya canza a nan, siffofin sun koma kusa da sassaƙa da alamomi irin na Afirka. Na farko ya sa Shango na Yarbawa a tsakiya. Wani ya nuna cuɗanyar Afirka da tsofaffin daulolin Masar da Girka da Rum. Wani ya nuna yadda masu zanen Turai na ƙarni na 20 suka ɗebi salo daga sassaƙar Afirka. Na ƙarshe ya tara masu fasaha baƙar fata na zamuna daban-daban a zaure guda, har da Juan de Pareja wanda bawa ne a gidan mai zanen Sifen Velazquez, da Henry Tanner wanda Woodruff ya ziyarta a Faransa yana saurayi.

Na uku a jerin shi ne ya kamata ɗan Nijeriya ya tsaya a kansa. Ƙone birnin Benin ne, a 1897, lokacin da sojojin Ingila suka ci garin, suka kori Oba Ovonramwen zuwa Kalaba, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa suka watsa a kasuwannin Turai. Wuta na ci, sojoji na wawaso. Sai a 2022 Jamus ta sa hannu ta mayar wa Nijeriya mallakar kayan Benin da ke gidajen tarihinta. Shekara 70 kafin wannan rana, ɗaliban Atlanta suna ganin wannan ɓarna a bangon ɗakin karatunsu, a lokacin da Nijeriya kanta ke ƙarƙashin mulkin waɗanda suka yi ta. Woodruff ya rasu a 1980. Waɗannan shida suna nan a inda ya sa su.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Na Talladega kuwa, tafiyarsu ta bambanta. Sun yi kimanin shekara 70 a saman bangon zauren, ƙura da zafi da laima suna cin su a hankali. A 2011 kwalejin ta haɗa hannu da gidan adana zane-zane na High da ke Atlanta. Da a ɗanyar filasta aka yi su irin na Rivera, da sai an fasa bango. Da yake a ƙyalle suke, ƙwararru suka ɓamɓare su a tsanake, suka wanke dattin shekaru, suka ɗaura su a kan firam. Launukan suka fito kamar jiya aka shafa. Daga 2012 aka zaga da su manyan biranen Amurka, mutane suka gan su daf da ido a karon farko, dubban da ba su taɓa jin sunan Talladega ba suka ji. A 2020 suka dawo gida, aka sa su a sabon gidan baje koli da aka gina musu a harabar kwalejin, mai ɗauke da sunan William Harvey, tsohon ɗalibinta da ya ba da gudummawa mai tsoka.

Amma abin da ake iya ɓamɓarewa a gyara, ana iya ɓamɓare shi a sayar. Ƙananan makarantun baƙar fata na Amurka da yawa suna fama da rashin kuɗi, kuma sau da yawa abu mafi tsada da suka mallaka shi ne abin da ke rataye a bango. Jami'ar Fisk da ke Nashville ta bi ta nan. Mai zane Georgia O'Keeffe ta ba ta kyautar ayyuka 101 a 1949, kuma bayan doguwar shari'a, a 2012 jami'ar ta sayar da rabin mallakarsu a kan dala miliyan 30 ga wani gidan adana zane-zane a jihar Arkansas, ana karɓa-karɓa duk shekara biyu. A 2025 ita ma Talladega, da matsin kuɗi ya kai mata iya wuya, ta sayar da huɗu daga cikin zane shidan Woodruff. Ukun Amistad suka koma hannun wasu gidauniyoyin fasaha guda biyu, na bayi masu gudu ya tafi gidan adana zane-zane na birnin Toledo a jihar Ohio. Ta riƙe biyun da suka shafi kafuwarta, bisa yarjejeniyar cewa sauran za su riƙa dawowa ziyara lokaci-lokaci.

Ba zan ɗora wa shugabannin kwalejin laifi ba. Makarantar da ta kasa biyan malamai rufe ta za a yi, kuma in an rufe ta ba ɗalibin da zai ga zanen ko da yana nan. Waɗanda suka saya za su kula da su da kyau, jama'a masu yawa za su gan su. Duk da haka abin yana yi mini ciwo. Gallagher da Woodruff ba don masu yawon buɗe ido suka yi aikin nan ba. Sun yi shi ne don wani yaro ɗan ƙauyen Alabama, jikan bayi, wanda zai shigo neman littafi ya ɗaga kai ya ga Sengbe Pieh a tsaye gaban alƙali. Yanzu irin wannan yaro sai ya jira shekarar da zanen zai zo gida, ko ya nemi kuɗin mota ya bi shi wani gari.

  

(Kiɗan rufe shiri)